Gudu Biyu a Kan Gulbin Rima: Tarihin Fito a Ƙasar Isa da Sabon Birni



Yau gulbi za mu duba. Duk wanda ke bin labarin gabashin Sakkwato ya san yadda daminar 2025 ta kasance. Ranar Lahadi 17 ga Agusta, kwale-kwale ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a Kojiyo, suna kan hanyar cin kasuwar Goronyo. Ba a gama zaman makoki ba, sai ga labarin Garin Faji a ƙasar Sabon Birni, inda jirgi ya kife da mutanen da suke gudun 'yan bindiga. A watan Satumba kuma aka sake jin irinsa a Zalla Bango. Kowane lokaci maganar ɗaya ce: an yi lodi fiye da kima, matuƙi ya yi ganganci, babu rigar kariya. Duk gaskiya ne. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba: kakanninmu sun zauna bakin wannan gulbi ɗaruruwan shekaru, ba su da inji, ba su da rigar kariya, to da me suke ƙetarewa? Kuma me muka yar a hanya?

GULBI NA WATA UKU

Sai mun fara sanin halin gulbin kansa. Bunsuru yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya ratso Zurmi. Gagare yana gangarowa daga kudu, ta Ƙauran Namoda. A yankin Isa suke haɗuwa, daga nan ruwan ya nufi arewa da sunan Rima. Kusa da Sabon Birni sai Gulbin Maraɗi ya shigo masa, wanda shi ma asalinsa ƙasar Katsina ne, ya shiga Nijar ya zaga ta Maraɗi da Tsibiri, sannan ya dawo gida. Daga nan Rima ya karkata kudu maso yamma, ya bi Goronyo da Wurno, ya iske gulbin Sakkwato, su tafi tare har Kwara.

Dukkan waɗannan gulabe na damina ne. Da rani yaro zai kora awaki ya ratsa cikinsu, mata su tona rairayi su ɗebi ruwa, masu noman rani su shuka albasa da alkama a fadama. Amma daga Yuli zuwa Satumba, musamman in malka ta kama, wurin da aka bi da ƙafa jiya sai ya zama ruwan da ya shanye raƙumi. Ana iya yin ruwa a Zurmi ko Batsari, ko ɗigo bai sauka a Isa ba, da asuba a tashi a ga gulbi ya kawo. Kuma ƙasansa rairayi ne, ba dutse ba. Inda yake da zurfi bara, bana tudu ne. Gaɓar da aka sani, ruwa ya cinye ta ya jefa itatuwanta cikin hanya.

Wannan shi ya bambanta mu da mutanen Yawuri ko Nufawa, waɗanda ruwa ke gabansu shekara zagaye, yaro ya tashi da filafili a hannu. A ƙasar Gobir, manomi da makiyayi da ɗan kasuwa suna haɗuwa da babban ruwa ne wata uku kacal a shekara. Yawancin mutane ba su iya iyo ba, tun da can haka ne, kuma har yau haka ne. Ku riƙe wannan, don shi ne tushen sauran maganar.

GANUWA, BA HANYA BA

A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, ya kafa Alkalawa a bakin Rima, a wurin da ake cewa gonakin alƙalin Zamfara ne. Abin da ya jawo Gobirawa nan shi ne fadama: ƙasa mai albarka, ciyawar dawaki, kifi da ruwan sha. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, a nan kuma birnin ya faɗi a hannun rundunar Muhammadu Bello a 1808, aka kashe Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawan da ba su miƙa wuya ba suka kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya baro Tsibiri ya gina Sabon Birni, Isa kuma ta tsaya a matsayin ribaɗi na Sakkwato. Ku duba taswira: garuruwan nan duka a bakin gulbi suke.

Sai dai ƙarfin Gobir a doki yake, ba a jirgi ba. Kabi tana da Sarkawa, masuntan da ruwa ne gidansu. Gobir tana da barade. Fatake ma da jakai da raƙuma da takarkarai suke tafe, kuma yawancin fatauci aikin rani ne. In damina ta yi nisa, gulbi ya zama ganuwa, ya raba wannan tsallake da wancan, kowa ya koma gonarsa.

Tsoron matafiyi a wancan zamani a tudu yake. Baturen Ingila Clapperton ya ratsa dajin Gundumi a 1824 kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Bello, da rakiyar mahaya. A 1853 Bajamushe Barth ya bi ta wannan daji, suka yi tafiyar kusan awa 26 ba su yada zango ba, don tsoron farmakin Gobirawa. Wato tun shekara 170 da wani abu da suka wuce, Gundumi wuri ne da ake ratsawa da gudu. Gulbi kuwa wuri ne da ake ƙetarewa a hankali. Mutanen da sun san inda ake sauri, sun san inda ba a yi.

YADDA AKE FITO A DA

Duk da haka dole a ƙetare. Wani gonarsa na tsallake, wata za ta gaisuwar mutuwa, wani ɗan aike ne na sarki. Hanya ta farko ita ce mashigi, inda ruwa ke da faɗi amma ba zurfi, a tuɓe a ɗora kaya a kai. In ya fi ƙarfin haka sai gora. Irin manyan gorunan nan da muke gani a hannun masunta ranar bikin Argungu, ba kayan ado ba ne. Mutum ya kwanta a kai ko ya rungume shi, kayansa na ciki ko na bisa, mai fito yana iyo yana tura shi har gaɓa. In muka lura, gora ita ce rigar kariyar kakanninmu. Ba a sa wanda bai iya ruwa ba cikin gulbi sai da abin da zai riƙe shi a sama.

Sannan akwai kwale-kwale, wanda ake sassaƙawa daga gindin babban itace kamar maɗaci. Ana tura shi da gwangwala inda take taɓa ƙasa, a tuƙa da filafili inda ba ta kai ba. Ba ya ɗaukar mutane da yawa, kuma tafiyarsa ba ta wuce ta mai tafiya a ƙasa ba. Mai gwangwala yana jin ƙasan gulbi a tafin hannunsa. Kowane taki sai ya san ko rairayi ne, ko laka, ko kututture. Ba ya yanke ruwa kai tsaye. Yakan haura sama ta gefen gaɓa, sannan ya saki jirgi ruwa ya gangaro da shi a karkace har ya sauka daidai mashaya.

Sana'ar gado ce. Yaro zai shekara da shekaru yana kwarfe ruwa daga cikin jirgi da ƙoƙo, yana kallon ubansa, kafin a ba shi gwangwala. A kan masu fito da masunta kuma akwai Sarkin Ruwa, sarautar da har yau tana nan a garuruwan bakin gulbi. Mutane sun fi tuna shi da asirai da tsamo gawa. Amma babban aikinsa shi ne ikon cewa: yau ba a fito. In ya dubi launin ruwa da kumfa da karan da yake ɗauke da shi, ya ce a jira, to an jira. Ayari kan sauke kaya a gaɓa ya kwana biyu ko uku har ruwa ya ja, kuma ba wanda ke ganin wannan abin kunya ne. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ba wai ruwa bai ci mutane ba a da. Ya ci, kowane gari yana da labarin wanda gulbi ya tafi da shi. Amma jirgin da ba ya ɗaukar fiye da mutum kaɗan ba zai kashe 30 a tashi ɗaya ba.

JIRGIN ƘASA, MOTA DA DAM

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903. Bayan 'yan shekaru suka shata iyaka da Faransawa, aka raba Gobir biyu, Tsibiri a can, Sabon Birni da Isa a nan. Abin da suke so daga ƙasarmu gyaɗa ce da auduga da fatu, kuma ba ta ruwa suka fitar da su ba. A 1929 layin dogo ya isa Ƙauran Namoda, kaya suka riƙa bin jakai da raƙuma, daga baya manyan motoci, ta Shinkafi zuwa tasha. Tun daga lokacin hankalin hukuma ya koma kan titi. Aka yi direba mai lasisi, aka yi tashar mota da kamasho, aka yi ƙungiyar direbobi, daga baya aka yi jami'an kiyaye haɗurra. Mai fito kuwa aka bar shi yadda aka same shi. Gadoji kaɗan aka gina a manyan hanyoyi, ƙauyukan tsallake suka ci gaba da dogaro da kwale-kwale, alhali yawan jama'a yana ta ninkuwa.

Sai kuma aka taɓa gulbin kansa. A 1984 aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo, mai cin ruwa kubik mita miliyan 942. A saman Gulbin Maraɗi ma aka yi ta Jibiya. Dam ya kawo noman rani da kifi, ba mai musun wannan. Amma ya kawo wani irin ruwa da kakanninmu ba su sani ba: tafki mai faɗi, mai zurfi, wanda iska ke tayar wa igiya, gwangwala ba ta taɓa ƙasansa, kuma a cikinsa akwai itatuwa da tsofaffin gonaki da ya binne. A ƙasan dam kuma, hawa da saukar ruwa ba ga sama kaɗai suka dogara ba, har da buɗe ƙofofi. Waɗanda suka ga ambaliyar Satumba 2010, wadda ta cinye garuruwa tun daga gabashin jiha har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ba sa buƙatar a yi musu bayani.

SHIGOWAR INJI

Injin da ake rataya wa jirgi a baya ya daɗe a duniya. Wani mutum mai suna Ole Evinrude ya fara sayar da nasa a Amurka wajen 1909, kamfanin Yamaha na Japan ya shiga sana'ar a 1960. A Nijeriya ya fara yaɗuwa a Legas da yankin Neja Delta, sannan Kainji da tafkin Chadi, kafin ya iso ƙananan gulabe irin namu. Tare da shi aka samu jirgin katako da ƙusa, wanda ya fi na sassaƙa girma nesa ba kusa ba, yana ɗaukar mutane da buhuna da babura da dabbobi a lokaci ɗaya.

Alherinsa a fili yake. Mai naƙuda ta isa asibiti, albasa ta isa kasuwa ba ta ruɓe ba. Amma inji ya zo da halayen da ba kowa ya tsaya ya koya ba, kuma yana da kyau fasinja ma ya san su.

Na farko, jirgi ba shi da birki. In matuƙi ya saki totur, jirgi mai nauyi zai ci gaba da tafiya, ruwa kuma yana tura shi. Na biyu, da ƙarfin farfela ake juya shi. Wanda ya firgita ya kashe wuta gaba ɗaya don ya ga kututture, ya rasa abin da zai kauce da shi. Na uku, ƙarfin karo ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba. In ka ninka gudu sau 2, ƙarfin bugun ya ninku sau 4. In sau 3 ne, ya zama sau 9. Katakon da zai daki kututture ya wuce lafiya a tafiyar filafili, a gudun inji tsagewa zai yi. Jirgin da ke tafiyar kilomita 20 a awa yana cin fiye da mita 5 a kowace daƙiƙa. A ruwan damina mai launin kunu, wanda ba ka ganin abin da ke ƙarƙashinsa ko da taƙi ɗaya, kafin ido ya gani hannu ya juya, an riga an hau.

Na huɗu, kwana. Jirgi mai lodi in aka karya masa kwana da gudu sai ya kwanta gefe. In tsakanin bakinsa da ruwa bai wuce faɗin tafin hannu ba, nan take zai sha. Ruwan da ya shiga kuwa ba ya zama wuri ɗaya, duk inda jirgi ya karkata can yake kwarara ya ƙara danne shi. Kowace lita kilo ɗaya ce. Fasinjoji su firgita su miƙe su ruga ɗaya gefen, shi ke nan. Na biyar, igiyar ruwan da jirgi mai gudu ke bari a bayansa ta isa ta kifar da ƙaramin kwale-kwalen masunci ko na yara masu ɗebo ciyawa, shi mai injin ma bai waiwaya ba.

Wanda yake ganin wannan matsalar ƙauye ce, ya tuna da ɗan wasan fim ɗin kudu Junior Pope. A 10 ga Afrilu 2024 jirgi mai gudu da yake ciki ya yi karo da kwale-kwale a kogin Kwara kusa da Asaba, ya rasu shi da abokan aikinsa 4. Kafin rasuwarsa ya sa wani bidiyo yana cikin jirgi ba rigar kariya, yana roƙon matuƙi ya sassauta. Suna da kuɗi ba su hana ruwa aikinsa ba.

Babban abin da inji ya sauya shi ne wanda ke tuƙi. Gwangwala sai mai ƙarfi da sani. Inji kuwa duk wanda ya iya jan igiya ya murɗa totur zai iya tayar da shi. Mai kuɗi ya sayi jirgi ya ba yaro, ya yanka masa abin da zai kawo da yamma. Fetur ya yi tsada, musamman tun da aka cire tallafi a 2023. Ranar kasuwa ɗaya ce a mako, damina wata uku ce. Lissafin yaron a fili yake: ya cika jirgi iya cikawa, ya yi sawu da yawa kafin rana ta faɗi. Irin tunanin ɗan acaɓa ne aka ɗauko daga titi aka kai kan ruwa, har da tsere da nuna bajinta in an ga 'yan mata a gaɓa. Mu fasinjoji ma ba mu kuɓuta ba. Mu ne ke cewa a ƙara mutum ɗaya, mu ne ke yi wa matuƙi mai natsuwa tsiya wai ya cika nawa.

GUDU NA BIYU

Akwai wani gudun da ba na inji ba, kuma shi ya fi ciwo. Shekarun nan 'yan bindiga sun mayar da hanyoyin Isa da Sabon Birni abin tsoro. Hanyar Gundumi ta koma yadda Barth ya same ta, ko fiye. A Oktoba 2021 aka buɗe wa mutane wuta a kasuwar Goronyo. A Disamba na shekarar aka ƙone matafiya fiye da 20 cikin mota a kusa da Gidan Bawa, sun taso daga Sabon Birni. A Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a kan hanya. In basarake bai tsira a titi ba, talaka ina zai bi?

Sai mutane suka koma ruwa. Wasu saboda kasuwa, wasu kuma don su kwana a tsallake su dawo da safe, wasu a guje da harbi a bayansu. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Matar da ta goyo ɗa ta riƙo biyu, ana harbi a bayan gari, ba za ka ce mata jirgi ya cika ba. Matuƙin da ya san ana iya biyo shi gaɓa ba zai tafi a hankali ba. Ga duhu, ga ruwa ya rufe gonaki da hanyoyi, karyayyun kwalbatoci da ginshiƙan gada suna kwance a ƙarƙashi. Abin da ya faru a Garin Faji da Zalla Bango ke nan, haka kuma a Birnin Magaji ta Zamfara a daminar 2025. Waɗannan bayin Allah ba ganganci ya kashe su ba. Alhakinsu yana wuyan waɗanda suka koro su, da waɗanda aka ɗora wa tsaronsu.

Amma kada wannan ya rufe mana ido. Mafi yawan haɗurran da suka fi cin rai sun faru ne ba mai korar kowa. A Mayu 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tsage a kusa da Warra ta jihar Kebbi. A 30 ga Nuwamba 2021 a Bagwai ta jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A Afrilu 2022, mutum 29 a Gidan Magana ta ƙaramar hukumar Shagari. A Mayu 2023, yara mata aƙalla 15 a Dandeji, sun tafi neman itacen girki. A Satumba 2024, manoma masu yawa a Gummi, suna kan hanyar gona. Wasu jiragen masu inji ne, wasu ba su da shi. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: ba wanda ya yarda ya jira sawu na biyu, kuma babu mai ikon tilasta a jira.

DOKA TANA LOKOJA, GULBI YANA NAN

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, an kafa ta a 1997, hedikwatarta na Lokoja. A 2023 aka yi ma'aikatar harkokin teku, aka kuma fitar da ƙa'idojin sufurin ruwa waɗanda suka hana lodin wuce kima da tafiyar dare, suka wajabta rigar kariya. Ƙa'idoji ne masu kyau. Bayan kowane haɗari mukan ga manya sun zo jaje, an raba riguna, an yi alƙawarin jirage. Amma jami'in da ke Lokoja, ko ma Sakkwato, ba zai tsaya a mashayar ƙauyen da ko jami'an tsaro ba sa kwana ba. Tsohon iko na Sarkin Ruwa ya raunana, sabon iko na hukuma bai iso ba. A wannan tazara mutanenmu ke nutsewa.

Haƙƙinmu ne mu ci gaba da neman gadoji, da gyaran waɗanda suka karye, da tsaron hanya, domin duk wanda ya samu titi lafiyayye ba zai sa iyalinsa a jirgi cikin malka ba. Mu tambayi 'yan majalisarmu da shugabannin ƙananan hukumomi, da sunan kowane mashigi. Amma kafin gada ta zo, akwai abin da ke hannunmu.

Kowace mashaya ta samu mai faɗa a ji, Sarkin Ruwa ko wanda hakimi da masu jirage suka yarda da shi, kuma in ya ce a jira, mai gari da liman su tsaya bayansa. A shafa wa kowane jirgi layin fenti a jikinsa. In ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare, ko ɗan sarki ne ya zo. Babur ɗaya ko buhun hatsi ɗaya ya fi nauyin babban mutum, a lissafa su a haka. Ranar kasuwa a raba sawun kaya da na mutane.

Kai matuƙi, rage wuta in za ka tashi, in za ka sauka, in za ka yi kwana, in za ka gifta ƙaramin jirgi, da duk inda ruwa ya hau gona ko titi. Ka sa yaro a goshin jirgi da gwangwala yana duba hanya, kada ka bar filafili a gida don kana da inji. In injinka yana da igiyar nan da ake ɗaurawa a hannu, wadda ke kashe shi in ka faɗa ruwa, ka ɗaura ta. Kada ka tuƙa ka sha ƙwaya. Mai jirgi kuma ya ji tsoron Allah, ya daina yanka wa yaro kuɗin da sai ya yi ganganci zai iya kawowa.

Kai fasinja, in ka ga bakin jirgi ya kusa shan ruwa, sauka ka jira. In akwai rigar kariya, sa ta ka ɗaure, kada ka zauna a kanta. In babu, jarka mai lita 20 ko 25 da ba komai a ciki, an ɗaure murfinta tam, tana iya riƙe mutum a saman ruwa har a kawo ɗauki. Ita ce gorar wannan zamani, kuma babu gidan da ba ta. A zauna ƙasa, kada a miƙe ko da jirgi ya girgiza. Mai babbar riga ya tuɓe ta ya riƙe. Uwa ta kwance goyo ta rungume ɗanta a gaba. In jirgi ya kife bai nutse ba, a riƙe shi, kada a kama juna. Wanda ke gaɓa ya miƙa sanda ko ya jefa igiya ko jarka, kada wanda bai iya ruwa ba ya faɗa don ceto, gawa ta zama biyu.

Garuruwan da suka san ana iya tayar da su da dare, su zauna tun rani su shirya: jirage nawa ke akwai, kowanne mutum nawa yake ɗauka, wa zai fara shiga, ina karyayyar kwalbati take, ina jarkoki suke. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma masuntanmu su koya wa yara iyo da kaka, lokacin da ruwa ya ja ya kwanta, maza da mata, kowa a inda ya dace da shi.

'Yan uwa na Isa, Sabon Birni, Gatawa, Goronyo, Shinkafi da 'yan uwanmu na Tsibiri da Maraɗi, wanda kakansa mai fito ne ko Sarkin Ruwa, ya faɗa mana yadda ake yi a mashayarsu da abin da ya rage a yau. Irin wannan sani ba a rubuce yake ba, in tsofaffin suka tafi ya tafi.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya ba iyalansu haƙuri, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa ta 'yan bindiga.